Hannun Sumana Bayan Azahar

Zaratu tana da kwana goma sha biyu cikin takaba ƙafar tabaranta ta fita. Wani ɗan sukuru ne da bai kai ƙwayar gero ba ya faɗi, ta lalubi tabarma da tafin hannu har ta gaji ba ta same shi ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Gidan cike yake da masu zuwa gaisuwa, ita kuma ba mace ba ce mai buɗe baki a kan ɗan abu. Sai ta riƙa dafe gilashin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bin layin Alƙur'ani, in ta gaji ta rufe ta koma tasbihi.

Sumana, ƙanin mijinta, shi ya lura. Ya zo wucewa da buta, ya tsaya a bakin labulenta ya yi sallama.

"Matar Yaya, miƙo min abin nan."

"Wane abu?"

"Wanda kike riƙe wa kunne kamar yaro mara ji."

Ta miƙo ta ƙasan labule. Ya tsuguna nan ƙofar, ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu, cike da sukurorin tsofaffin agoguna, ya tona da hantsaki ya zaɓi guda. Ta gefen labule tana ganinsa. Gwiwarsa tana rawa, leɓensa yana motsi, wani ya gaishe shi daga zaure ya amsa, amma hannuwan nan biyu kamar an dasa su. Ya ɗaure, ya hura gilashin, ya goge da bakin riga, ya turo mata.

"In kin yi karatun ki sa har da ni," ya ce, ya ɗauki butarsa ya wuce.

Haka Allah ya yi Sumana. Mahaifinsu daga Dogon Dutsi ya sauko Kumasi fataucin goro, ya zauna a Zongo, ya gina gidan da suke ciki har yau. 'Ya'yansa maza biyu ne. Idirisu, babban, mijin Zaratu, mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, in ya zauna a shagonsa ba abin da ke tayar da shi sai kiran salla. Sumana kuwa ko tuwo a tsaye yake ci. An kai shi ɗinki ya gudu, ya yi yaron mota a motar haya, trotro, wata huɗu ya yi faɗa da direba, ya bi masu katako Anloga ya ce ƙarar zarto tana shiga masa haƙori. Sai da wani tsoho mai gyaran agogo ya ba shi hantsaki ya riƙe, sannan aka gane inda duk natsuwarsa ta taru. A yatsu take, ba ta rage wa sauran jikin komai ba.

Shekara talatin ya yi a bayan akwatin gilashi a bakin titin Alabar, da madubi manne a ido ɗaya. Da wayar hannu ta shigo, mutane suka daina ɗaura agogo, wanda ya ɗaura ma na roba ne, in ya mutu a jefar. Sumana ya koma canza batir da huda maɗauri, aikin da ya ce ko makaho zai yi. Ya rufe akwati ya tafi kasuwar Kejetia, ya dawo, ya tafi Tafo wajen abokansa makanikai, ya dawo, ya zagaya tsakar gida har matarsa Rakiatu, mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a ƙofar gida, ta ce masa don Allah ya tsaya wuri ɗaya, jiri yake sa ta.

A cikin wannan hali ne wata mata Ba'asantiya, Dakta Fosuwa, malama a jami'a, ta kawo agogon mahaifinta da ya rasu. Ba ta bari ta tafi ba, ta tsaya a kansa tana kallon hannunsa har ya gama. Bayan shekara biyu sai ga ta a Zongo tana tambayar gidan mai agogo. An kawo musu wata na'ura, ta ce, mai aiki da wata 'yar allura, ɗalibai sun karya allurai har ta daina ƙirgawa. Ko zai zo ya gwada?

Ya je ya gwada, bai dawo Alabar ba.

Mutanen gida sun daɗe ba su gane aikin ba. Wata ranar Lahadi da hantsi ya zare tsinke daga tsintsiyar Rakiatu, ya tsuguna gaban kwanon ruwa, ya ce kowa ya matso.

"Kun ga tsinken nan? Ku ɗauka wani ɗan harshe ne siriri, ya fi gashi sirantaka. A bakinsa akwai allura, tana kallon ƙasa. Mashin yana sauko da ita a hankali kan abin da ake son aunawa. Kafin ta kai, abin nan sai ya fizge ta da kansa, caf, ta manne." Ya taɓa ruwan da tsinken. "To a ja ta baya. Ba ta saki nan take. Harshen ya lanƙwasa, ya lanƙwasa, sannan ta ɓalle. Ƙarfin riƙon nan shi muke aunawa. Akwai jan haske da ke dukan bayan harshen, in ya lanƙwasa hasken ya gusa, kwamfuta ta zana layi. Layin ya tafi miƙe, ya faɗa rami, ya fito. Zurfin ramin shi ne ƙarfin riƙon."

"Kai ka taɓa ganin allurar?" in ji Rakiatu.

"Bakinta? Ido ba ya ganinsa kraa, ko kaɗan."

"Kullum ka yi wanka ka hau trotro ka tafi aikin allurar da ba ka taɓa gani ba."

"Ke kin taɓa ganin gishirin da ke cikin waakyenki bayan ya dahu? Amma in ya yi yawa layin nan duka sai sun sani."

Idirisu, yana raye lokacin, ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke motsi. Zaratu ce ta yi tambaya, ita da ba ta cika sa baki ba. Ta ce maganaɗisu ne ke jan allurar? Ya ce a'a, Dakta ta ce kowane abu biyu in sun kusanci juna ƙwarai sai sun ja juna, mu ne dai ba mu iya ji. Zaratu ta ce ikon Allah, ta koma tsince shinkafarta.

Aikinsa shi ne ya ɗauki allurar da hantsaki ya zaunar da ita a mazauninta ba tare da ta gogi komai ba. Sannan akwai wani dutse mai ɓarewa falle-falle kamar albasa. Ya manna masa salatif ya ɗaye, sabuwar fuska ta fito, wadda ya ce duk Kumasi babu abin da ya kai ta tsabta. A kan wannan fuska ake fara gwaji kullum, safe da bayan azahar. An san zurfin ramin da ya kamata ta bayar. In ya fito daidai, ɗalibai su kawo nasu kayan, yumɓun tace ruwa ne, fentin kwanon rufi ne, a auna musu. Shekara shida ramin Sumana bai taɓa saɓawa ba. Dakta tana ce masa Papa Sumana, kuma ba wanda ke taɓa akwatin allurai sai shi.

Sai Idirisu ya kwanta kwana tara ya rasu.

Zaratu 'yar masu haɗa turare ce, wajen kakarta ta koya. Shekara talatin da ɗaya tana haɗa wa mijinta nasa, madarar sandal da almiski da ɗan kanumfari da wani abu da ba ta faɗa, kuma ba ta taɓa haɗa wa wani irinsa ba. Da ta fita takaba ta kama sana'ar sosai, don hannu ya sami abin yi. A ƙasan akwati ta tarar da ragowar haɗin marigayi. Ta cika wata 'yar kwalba, ta kai wa Sumana.

Ya buɗe ya shinshina. Ya juya fuska wajen bango ya daɗe.

"Rakiatu," ya ce, "albasar nan taki ta cika yaji."

Ba a yanka albasa ba ranar. A zamanin Alabar, kullum azahar Idirisu yakan biyo ta teburinsa su tafi masallaci tare, ya shafa turare a tafinsa ya goga wa ƙanin a gemu, yana cewa warin man agogo kake. Tun daga ranar da kwalbar ta shiga aljihun gaban Sumana, in ya yi alwalar azahar a famfon bayan ɗakin aikinsu, sai ya ɗiga a tafi, ya murza, ya shafa a gemu, ya yi sallarsa a ƙarƙashin bishiya ya koma ciki. Duk sati biyar yakan kawo kwalbar a cika masa.

Ba a yi wata biyu ba ya fara dawowa gida fuska a ɗaure.

"Ramin ya yi zurfi," ya ce wa duk wanda ya tsaya ya saurare shi. "Da safe lafiya lau. Bayan azahar allura ta kama dutse kamar kaska. Ya ninka biyu, wani lokaci uku, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya."

In ramin gwaji ya ɓaci, duk abin da aka auna bayansa ya ɓaci. Ɗalibai suka fara rububin safiya, suna gudun yamma.

Sumana ya ce manyan motoci ne da ke wucewa da rana suna girgiza ƙasa. Ya tafi Anloga ya tsaya a kan kafinta har aka ƙera masa akwati, aka manna soso a ciki, ya ɗauko a kai zuwa tasha. Aka rufe na'ura da shi, ramin bai canza ba. Dakta ta ce damshin iska ne, tunda na'urar sanyaya ɗakin ta lalace, kuma in iska ta jiƙe ruwa yakan kwanta tsakanin allura da dutse ya ƙara riƙo. Aka gyara na'urar sanyi ana jibi azumi. Watan Ramadana kaf, safe da yamma, ramin ya fito daidai. Kowa ya yi hamdala, Sumana ya yi sallarsa da sabuwar shadda.

Kwana uku bayan salla abin ya dawo, na'urar sanyi tana ta aiki.

Ya kama Sitta Shawwal, kwana shida, ramin ya gyaru. Da ya gama azumin, ramin ya sake ɓaci. Nan Sumana ya tsaya tsakar gida ya buga cinya.

"Goro ne! Mai azumi ba ya cin goro. Goro ke sa min rawar da ban ji."

Ɗan mai goro, wanda tun yana shekara goma sha biyar bakinsa bai rabu da shi ba, ya ajiye goro. Kansa ya yi ta sara, ya yi faɗa da kwandasta, ya yi faɗa da mai koko, ya yi faɗa da akuyar maƙwabta. Ramin bai gyaru ba. Ya ce to abincin rana ne ke nauyaya hannu, ya daina ci, amma ba da niyyar azumi ba. Bai gyaru ba. Ranar Litinin ya ɗauki niyya tun asuba, ya yi azumi sosai, ramin ya fito daidai kamar an zana da rula. Talata ya ci abinci, ya ɓaci.

Ita ma Dakta tana nata binciken. Wata rana bayan azahar ta aike shi ɗakin ajiya, ta zauna da kanta. Ta karya allura biyu, ta uku ta zauna, ramin ya fito daidai. Da ya dawo ta baza takardu a gabansa, ta yi masa magana da Tonanci, yaren Asantawa, a hankali kamar mai lallashin uba.

"Papa Sumana, shekarunka nawa yanzu?"

"Hamsin da tara."

Ta ce duk awon da ya ɓaci na yamma ne, kuma duk shi ya ɗora allurar. Mai yiwuwa hannun yana gajiya in rana ta yi, ya gogi bakin allurar da wani abu bai sani ba. Allurar da bakinta ya dakushe ta fi riƙe dutse. Ba laifi ba ne, ta ce, kowa da lokacinsa.

Bai gaya mata maganar azumi ba. Yaya zai dubi mace mai digiri uku ya ce allura ta san niyya? Ya dawo gida ya cika kofi har baki, ya miƙe hannu da shi ya zagaya tsakar gida sau bakwai, ko ɗigo bai zuba ba. Ya karɓi allurar ɗinkin Rakiatu ya zura zare sau ashirin a jere. Sannan ya ce, to, in azumi take so, za ta samu.

Ya kama azumi kullum.

Zaratu ta bari ya yi kwana goma, sannan ta tare shi a zaure, ta kira shi da alkunya kamar yadda ta saba.

"Baban Hikma, azumin kullum ba a so shi. Kai ma ka sani."

"Na sani, matar Yaya."

"Ga gyambon cikinka."

"In na ci, su ɗauke ni daga kan mashin. In ban ci ba, ramin daidai. Ke a wurina me za ki yi?"

Ya wuce, wandonsa yana lilo a ƙugu.

Ranar azumi na ashirin da uku, wajen ƙarfe uku na yamma, abin da ake zargin hannun da shi ya same shi da gaske. Jiri ya ɗebe shi, hantsaki ya yi rawa, allura ta faɗi. Ya ɗauki wata, ita ma ta faɗi, Dakta tana tsaye a bayansa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba korarsa za a yi ba, amma daga ƙarshen wata zai koma ɗakin ajiya, ya riƙe makullai, ya kula da wanke kwalabe. Saura kwana goma sha ɗaya.

"Ni da wanke kwalba," ya yi ta faɗa a tsakar gida, ya je bakin rijiya ya dawo, ya je zaure ya dawo. "Ni, Sumana, da wanke kwalba." Duk da haka washegari ya tashi da azumi.

Ƙofar Zaratu tana kallon tagar Sumana. A nan take zama da hantsi tana daka kajiji da farce, tana tace madara cikin kwalabe. Ta riga ta ware masa nasa haɗin tun tuni, tana jiran ya kawo kwalba, bai kawo ba. Ta lissafa, an haura sati tara. Washegari da zai fita, ta ga ya laluba aljihun gaba, ya zaro kwalbar, ya ajiye ta a bakin taga bayan gwangwanin Rakiatu, ya tafi. Ta ga wannan sau da yawa, idonta ne kawai ya gani. Ta tashi ta je ta ɗaga kwalbar a rana. Rabi.

"Rakiatu, Baban Hikma ya daina son turaren ne?"

"Ina! In yana azumi ne ba ya shafawa, wai ƙamshi yana sauka maƙogwaro. Ba haka Yaya ma yake yi ba?"

Haka yake yi. Mahaifinsu ne ya koya musu.

Zaratu ta koma ta zauna, ta ɗauki tasbaha, amma ba zikiri take ja ba. Ramadana, ba turare, ramin daidai. Sitta Shawwal, ba turare. Ranar da ya bar goro yana shafawa. Ranar da ya ƙi cin abinci ba niyya yana shafawa. Da safe kafin azahar bai shafa ba tukuna. Ranar da Dakta ta ɗora da kanta, shi yana ɗakin ajiya da gemunsa. Ta ja ta sake ja, ba ƙwaya ɗaya da ta ƙi shiga.

Kuma ta san halin kayanta. Gishirinta da sukarinta a ɗakin Rakiatu take ajiye su, don in sun kwana a nata, ko a cikin gwangwani mai murfi, shayi sai ya yi ɗanɗanon sandal. Ta san sabon wanki ya fi tsohon tsumma saurin kama ƙamshi.

Kwana uku tana riƙe da maganar. Ta ɗauki taɓarya ta ajiye, ta share ɗakin da ta riga ta share, a salla ta rasa raka'a nawa ta yi, abin da bai taɓa samunta ba. In ta faɗa ya zama ba haka ba, ita da ta tsaya a aji huɗu ta shiga maganar masu digiri. In kuma haka ne, to hannunta ne ya cika kwalbar da ta jawo masa wannan wahala, kuma bakinta ne zai raba shi da ƙamshin ɗan'uwansa. Kowace safiya tana ganin ƙashin wuyansa yana ƙara fitowa. Saura kwana bakwai.

Rana ta huɗu ta sayi sabon kofin tangaran. Ta wanke shi da toka da ruwan zafi, ta ajiye a kan kantar ɗakinta tun hantsi. Da aka kira magariba, Sumana yana tsaye da dabino a hannu, ta zuba ruwan randar Rakiatu a kofin ta miƙa masa. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Matar Yaya, turare kika zuba min a ruwa? Ko so kike in bi Yaya da wuri?"

"Ban zuba ba. Sabon kofi ne. A kan kanta kawai ya wuni, kwalabena kuma duk a rufe suke."

"To?"

"Dutsen nan naka da kake ɗayewa. Ka ce ba abin da ya kai shi tsabta."

Ya tsaya da kofin a hannu.

"Abu mai tsabta ya fi saurin kamawa," ta ce, idonta a ƙasa. "Ranar da kake azumi, a taga kake barin kwalbar."

"Ina sa safar hannu."

"Da wane hannun kake sa safar?"

Ya dubi hannunsa.

"Gemun fa?" in ji Rakiatu daga bakin murhu. "Shi ma safa kake sa masa in ka sunkuya a kan abin?"

Ya dire kofin har ruwa ya fantsama.

"Turare sunna ne! Kuma turaren Yaya ne. Turaren Yaya ne zai ɓata min aiki? Ku mata ba ku da abin yi." Ya zura takalmi ya fita masallaci, dabinon yana hannunsa bai ci ba.

Zaratu ta ɗauki kofin ta shiga ɗaki. Ta yi istigfari, ta ce da ta yi shiru.

Da safe ta ji muryarsa a ƙofar gida yana ce wa mai koko ta ƙara sukari. Ya shigo da koko da ƙosai, ya ci a tsaye a tsakiyar gida inda kowa zai gani, bai dubi ƙofarta ba. Ya wanke gemu da sabulun wanki har sau biyu. Ya zaro kwalbar, ya juya ta a hannu, ya ajiye a taga, ya fita.

Ranar Zaratu ba ta haɗa ko kwalba ɗaya ba. Ta leƙa zaure ta dawo. Da aka kira azahar ta dubi taga, kwalbar tana nan. Ta yi la'asar ta zauna a kan sallaya tana jin kowane takalmi da ya wuce a lungu.

Ƙarfe biyar da rabi ya shigo. Ya je bakin rijiya, ya dawo, ya ɗaga murfin tukunyar Rakiatu ya rufe, ya gyara igiyar shanya da ba abin da ya same ta.

"Malam, ka yi magana mana, ka kashe mu!" in ji Rakiatu.

"Daidai," ya ce. "Na ci ƙosai, na ci waakye da rana, na ci goro ɓari biyu. Ramin daidai." Rakiatu ta buɗe baki za ta yi guɗa, ya ɗaga hannu. "Kwana ɗaya ba shaida ba ne."

Ya yi kwana uku yana ci, kwalba tana taga, ramin bai saɓa ba. Rana ta huɗu ya tafi da ita a aljihu. Da safe ya kira Dakta, ya ɗora allura, ya ɗaye dutse, aka auna, daidai. Sai ya buɗe kwalbar a gabanta, ya ɗiga, ya murza, ya shafa a gemu, ya sa sabuwar safa, ya ɗora sabuwar allura, ya sunkuya ya ɗaye sabuwar fuska. Ƙarfe tara na safe, hannu bai gaji ba, ramin ya ninka biyu da rabi. Da ya dawo gida ya ba su labari, wai Dakta ta ɗora hannu biyu a ka ta kira sunan Ubangiji da yarensu, sannan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta tashi ta riƙe masa hannu ta ce kafra, Papa, kafra, wato ya yi haƙuri. Aka bar ƙofa a buɗe kwana biyu ɗakin ya sha iska. Aka manna takarda a ƙofa, ba mai shiga da turare, har ɗalibai masu fesa na kanti. Maganar makullai da kwalabe ba wanda ya sake tayar da ita.

Sumana ya ware riguna biyu na aiki da ba sa shiga ɗakin kowa, a leda yake rataye su a zaure. Ya koma cin tuwo a tsaye, ƙugunsa ya fara cikowa. Sai dai Zaratu ta lura fara'ar ba ta dawo duka ba.

Bayan sati guda, wata safiya ya fita, ba a jima ba sai ga shi ya dawo da sauri yana gumi. Ya tsaya a bakin labulenta ya yi sallama. Kwalbar tana tafin hannunsa.

"Har na hau trotro," ya ce. "Mun kai rabin hanya na ji ta a aljihu. Wallahi ban san lokacin da na ɗauka ba."

Ƙafarsa tana ta buga ƙasa.

"Jiya da na yi alwalar azahar hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ba komai a ciki. Na tsaya kamar wawa a bakin famfo. Na yi sallar dai, amma ni kaɗai na yi ta." Ya share gumi da hannun riga. "In tana tagata, wata rana zan shafa ban sani ba, in shiga in ɓata wa yaran mutane aikin shekara."

Ya tsuguna ya ajiye kwalbar a ƙasan labule, ya tura ta ciki da yatsa.

"Ki riƙe a wurinki, matar Yaya. Kar ki canza haɗin, ko ɗigo ɗaya. In na dawo da yamma, kafin in tafi magariba, ki ɗiga min a auduga ki miƙo. Amma kwalbar, ko na roƙe ki, ko na yi miki faɗa, kar ki ba ni."